Tarakta Ta Mutu A Fadama: Wane Winci Zai Hau Da Ita Tirela?

A ƙasar Gwandu da ta Kalgo, cikin Jihar Kebbi, cinikin mai tarakta na 'yan makonni ne. Da ruwan shuka ya sauka kowa so yake a yi masa huɗa a rana ɗaya. Haka kuma in ruwa ya janye daga fadama, masu shinkafar rani sai su yi caa a kansa. Taraktar da ta lalace a irin wannan lokaci, ta kwana goma a daji, hasararta ba ta tsaya ga kuɗin gyara ba. Mai ita ya rasa aikin shekara, waɗanda suka ba da kuɗin huɗa kuma lokaci ya wuce su.

Noma da inji ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun wajen 1950 aka fara gwada huɗar fadamun shinkafa da tarakta a Lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Argungu ke cikinsa a wancan zamani. Amma injuna sun ƙaru ƙwarai bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi cikin Nuwamba 2015, masana'antun gyaran shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu kuma suka buɗe wa manoma kasuwa. Abin da bai ƙaru tare da injunan ba shi ne dabarar ɗauko su in sun mutu. Ƙaramin gyara bakanike ya iya zuwa gona ya yi. In kuwa inji ne ya buga, ko giya ta kakkarye, sai an kai ta gareji a Birnin Kebbi ko Jega ko Sakkwato.

Janta da sarƙa a kan titi kasada ne, don taraktar da injinta ya mutu sitiyarinta yakan yi tauri. Saboda haka waɗansu masu hayar tarakta da ƙungiyoyin manoma sukan sa a ƙera musu tirela mai faɗi, da ƙarafa biyu a baya waɗanda mota ke hawa ta kansu, watau matakala. To, mai rai ita ke hawa da ƙafarta. Matacciya fa? Abin da aka saba shi ne a tara majiya ƙarfi su tura. Nan haɗarin yake: ƙarfe mai nauyin tan uku in ya kai rabin matakala ya ƙwace, baya zai dawo, mutane kuwa a bayansa suke. Maganin wannan shi ne winci.

Mene Ne Winci?

Winci inji ne na jan kaya. Yana da ganga wadda igiya ke naɗuwa a kanta, da ɗan injin lantarki irin sitatar mota, da giyoyi masu rage gudu su ƙara ƙarfi, da birki mai riƙe kaya in an saki makunni. Da batir yake aiki. Kamfanin Warn na Amurka ya fito da irinsa na ƙananan motoci tun 1959, yau kuwa mafi yawan waɗanda ake gani a kasuwanni ƙirar ƙasar Sin ne. Akan nemi sabo ko na hannu a manyan kasuwannin kayan mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Ikko.

Abu guda ya kamata mai saye ya riƙe tun farko. Ba don ranar da kome ke lafiya ake sayen winci ba, don mummunar rana ake sayensa. Ƙarfinsa kuma ba ya wuce ƙarfin wurin da aka ɗaura shi, da na batirin da ke ba shi wuta.

Lissafin Ƙarfi

A jikin kwali za a ga an rubuta 4,500 ko 9,500 ko 12,000. Wannan lamba da laba aka rubuta ta, ba da kilo ba, laba ɗaya kuwa ba ta kai rabin kilo ba. Watau 4,500 wajen kilo 2,000 ke nan, 9,500 wajen kilo 4,300, sa'an nan 12,000 wajen kilo 5,400. Wanda ya ɗauka kilo ne ya ruɗi kansa da fiye da rabi.

Jan abu mai taya ba ɗaya yake da ɗaga shi ba. Ga misalin da kowane akawu zai iya bugawa a takarda. A ce tarakta ce irin Massey Ferguson 375, wadda in an haɗa da ruwan da ke cikin tayoyinta da ƙarafan nauyi na gaba takan doshi kilo 3,000. A ce tsayin tirela daga ƙasa santimita 75 ne, tsawon matakala kuma mita 3. In an raba 75 da 300 za a sami kashi ɗaya bisa huɗu. Kashi ɗaya bisa huɗu na 3,000 kuwa 750 ne. Wannan shi ne ƙarfin da hawan kaɗai ke ci. In tayoyi na da iska suna juyawa, abin da za a ƙara kaɗan ne, duka ba zai kai tan ɗaya ba.

Yanzu a ce matakalar mita 2 ce. Hawan zai ci kilo 1,125. Ashe ƙarin mita ɗaya na ƙarfe a wurin mai walda ya rage wa winci sulusin wahalarsa. Babu ƙarfin da ya kai wannan araha.

Amma mummunar rana ba haka take zuwa ba. Taya ta yi faci, ko birki ya kama, ko giya ta cije ta ƙi fita. A nan taraktar ba gangarawa take ba, jan ciki take yi, wannan kuwa yakan ci fiye da rabin nauyinta. A haɗa da na hawa, sai a ga abin ya doshi nauyin taraktar gaba ɗaya. Shi ya sa masu ƙera winci suka ba da ƙa'ida mai sauƙi: a ɗauki nauyin abu mafi nauyi da za a riƙa ɗauka, a ƙara masa rabinsa. Tarakta mai kilo 3,000 tana son winci mai kilo 4,500, watau wajen laba 10,000, mai 12,000 kuwa ya fi kwanciyar rai. Ƙaramar mota mai kilo 1,500 tana son wajen laba 5,000. Ƙaramar tarakta ta hannu, wadda ake bi a baya, ɗan ƙaramin winci ya ishe ta, ko ma na juyawa da hannu. Injin girbin shinkafa mai tafiya kan sarƙar roba kuwa, in ya mutu ba ya gangarawa da sauƙi, sai a lissafa shi a matsayin mai jan ciki.

Ƙasa ma tana da nata lissafi. A gonakin tudu na wajen Gwandu, kamar su Dalijan da Kambaza, yashi ne ke riƙe taya. A fadamun Kalgo, wajen Diggi da sauran garuruwan bakin gulbi, taɓo ne da laka. Taraktar da ta nutse har tayoyinta suka ɓace, ƙarfin da zai tumɓuko ta ya kai nauyinta, wani lokaci ya ninka. Wannan ba aikin wincin tirela ba ne. In an gwada, tirelar da motar da ke janta su za su tafi wurin taraktar. Sai a haƙe gaban tayoyi, a shimfiɗa itace, a sa wata tarakta ta fito da ita kan tsandauri tukuna, sa'an nan a kawo tirela.

Sirrin Da Ke Cikin Ganga

Akwai abin da 'yan kasuwa da yawa ba su faɗa wa mai saye, galibi don su ma ba su sani ba. Lambar nan ta jikin kwali ba ta tabbata sai igiya ta warware kusan duka, saura naɗi na farko a jikin ganga. Duk sa'ad da igiya ta hau kan 'yar'uwarta gangar ta ƙara kauri, ƙarfi kuma ya ragu. Kafin a kai naɗi na huɗu, winci yakan rasa wajen sulusin ƙarfinsa.

Babban winci yakan zo da igiya mai tsawon mita 26 zuwa 30, don an yi shi ne saboda motar da ta kafe a daji, mai neman itace daga nesa. Tirela kuwa, daga gabanta zuwa ƙarshen matakala da wuya a wuce mita 10. Ke nan yawancin igiyar na naɗe kullum, wincin yana aiki a wurin da ya fi rauni. Mai laba 9,500 sai ya koma kamar mai 6,500.

Magani biyu ne. Na farko, a rage igiyar ta koma wajen mita 15, a sa wanda ya iya ya gyara bakinta. Na biyu, kuma shi ya fi, a sayi fuli, watau gargaren ƙarfe mai kwari wanda igiya ke zagayawa ta cikinsa. Ana maƙala fuli a jikin tarakta, igiya ta fito daga winci ta zagaya ta cikinsa, ta dawo a maƙala ƙugiyarta a wani zobe mai ƙarfi a gaban tirela. Da haka ƙarfin ja ya kusan ninkawa, gudu ya ragu da rabi, igiya ta ƙara warwarewa daga ganga, batir kuma ya sami sauƙi. Sai dai a tabbata fulin da zoben an yi su don nauyin da ya ninka na wincin.

Abin Da Za A Duba A Kasuwa

Da farko wuta. Ƙananan motoci da a-kori-kura da yawancin taraktoci 12V suke amfani da shi, manyan motoci da yawa kuwa 24V. Winci mai 12V in an haɗa shi da 24V ƙonewa zai yi.

Na biyu injin. Iri biyu ne: mai maganaɗisu, da mai naɗin waya zalla. Mai maganaɗisu ya fi araha, bai cika cin wuta ba, ya dace da ƙaramin aiki, amma zafi na raunana shi. Mai naɗin waya ya fi jure wahala. A ƙasar da zafin Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, wanda zai ɗauki tarakta gara ya nemi mai naɗin waya.

Na uku igiya. Akwai ta ƙarfe, akwai ta zare mai ƙarfi. Ta zare ba ta da nauyi, ba ta yankan hannu, in ta tsinke kuma ba ta yin bulala kamar ta ƙarfe. Amma rana na cinta, yashi na shiga tsakanin zarenta ya riƙa yanka, kaifin ƙarfe kuma na gutsure ta. A kan tirela mai kwana a rana, mai shiga yashi da laka, ta ƙarfe ta fi daɗewa. Mai laba 9,500 yakan zo da igiya mai kaurin milimita 8, mai 12,000 kuwa milimita 9 da rabi. In an ga babbar lamba a kwali da siririyar igiya a ciki, a yi shakkar lambar. Kowace igiya kuma da irin bakin da take fita ta cikinsa: ta ƙarfe mai gargare huɗu, ta zare sumul na alminiyam.

Na huɗu, a nemi wanda aka rufe shi da kyau saboda ruwa da ƙurar hunturu. Akan rubuta IP67 ko IP68 a jikin irinsu. A nemi kuma mai rimot na waya, ko da akwai maras waya, don maras waya ranar da ake bukatarsa ake tarar da batirinsa ya mutu.

Wanda zai sayi na hannu kada ya biya sai an haɗa shi da batir a gabansa. A ga ya juya gaba da baya, a saurari giyoyi, a taɓa hannun da ke sakin ganga a ga yana shiga yana fita, a buɗe akwatin makunni a duba ko akwai alamar ƙuna. A warware igiyar duka, don ɓarna a ƙasa take ɓuya. Sabo ne ko tsoho, a tambayi mai kanti ko ana samun kayan gyaransa, musamman makunni da rimot. Araha ba ta ado.

Wurin Ɗaurawa

Winci mai jan tan huɗu, da tan huɗun nan yake fizgar abin da aka ɗaura shi a kai. In a kan katakon daɓen tirela aka kafa shi, ko a kan siririn faranti, ranar da aiki ya yi tsanani shi zai tashi ya tafi wurin taraktar, ya tarar da duk wanda ke tsaye a hanya.

Sai mai walda ya sa faranti mai kaurin milimita 6 ko fiye, ga babban winci ma 8 ko 10 ya fi. A haɗa farantin da manyan ƙarafan gindin tirela, a ƙara ƙarfe a gicciye a ƙarƙashinsa, a tokare shi ta gaba. Shi wincin kansa ba a yi masa walda, da noti ake ɗaure shi. Ramukan yawancin manyan winci huɗu ne, tsakaninsu inci 10 ta wannan gefe, inci 4 da rabi ta wancan. A yi amfani da ƙusoshin da suka zo da shi, ko waɗanda aka buga wa lamba 8.8 ko fiye a ka. Ƙusar da ba ta da lamba ba ta wannan aiki ba ce. A sa wosha mai hana warwarewa, bayan tafiya biyu ko uku a kan hanyar burji kuma a sake bin notunan da sifana.

Wincin ya zauna daidai tsakiyar tirela, yana fuskantar baya sak. In ya karkace, igiya za ta taru a gefe ɗaya na ganga ta cije. A bi kibiyar da ke jikinsa wajen sanin ta inda igiya za ta naɗu, galibi ta ƙasan ganga, don birkin ta fuska ɗaya yake kamawa.

Kafin a huda rami, a ɗaura zare daga inda wincin zai zauna zuwa ƙasan matakala, a ja shi ya miƙe. In zaren ya taɓa bakin tirela na baya, to, nan igiya za ta riƙa gogawa. Sai a ɗaga mazaunin wincin, ko a sa gargaren ƙarfe a bakin. Wannan gwaji na minti biyar ya kuɓutar da igiya mai tsada.

In za a yi wata walda bayan an ɗaura winci, a cire wayoyinsa da na batir tukuna. Saboda ɓarayi da ruwan sama kuma, a yi masa akwati mai kwaɗo, ko a yi mazaunin yadda za a iya zare shi a kai ɗaki.

Batir Da Waya

A nan mafi yawan winci ke mutuwa, a ɗora wa kamfani laifi. Babban winci in yana ja iyakar ƙarfinsa yakan sha amfiya 400 ko fiye. Ƙwan fitilar mota ɗaya bai cika shan amfiya 5 ba. Watau kamar a kunna fitila tamanin ne a lokaci guda. Siririyar wayar da ke kai wuta ga fitilun tirela ba za ta ɗauki wannan ba, narkewa za ta yi.

Hanya biyu ce. Ta farko, a sa wa tirela batirinta a cikin akwati kusa da winci, a ɗaure shi kada ya yi tsalle. Masu ƙera manyan winci sukan ce kada ƙarfin tayarwar batirin ya gaza 650, lambar da ake rubutawa da haruffan CCA a jikinsa. Waya mai faɗin ciki murabba'in milimita 35, irin ta masu walda, ta isa in tazarar gajeriya ce. Ta biyu, a jawo wuta daga batirin motar da ke jan tirela. A nan tazara ta yi tsawo, sai waya mai faɗin ciki murabba'in milimita 50, da babban soket mai cirewa a wurin mahaɗa, a bar injin motar yana aiki sa'ad da ake ja.

Ko wace hanya aka bi, wayoyi biyu za a ja har kan batir, ja da baƙa. Kada riwaya ya ce ƙarfen tirela ya isa ya mayar da wuta ta wurin mahaɗa, wurin duk tsatsa ne da giris. A sa makashin wuta babba kusa da batir, a riƙa kashe shi in ba a aiki. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Ranar da ƙarfe ya yanke rigar jar waya gobara ce, wataƙila ga tarakta da mai a cikin tankinta a sama.

A lura da wayar jabu, wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata jan ƙarfe. Ba ta da nauyi a hannu, in an kankare silinta da wuƙa kuma fari zai bayyana.

Batirin tirela yakan yi wata biyu ba a taɓa shi ba, sai ranar bukata a tarar ya kwanta. Cikakken batir in an auna shi yana hutawa yakan nuna 12.6, in ya sauka 12.2 ya kusa rabi. Ɗan ƙaramin faifan sola da na'urar da ke daidaita caji sun isa su riƙe shi a cike. Rana dai ba ta yi wa Kebbi rowa ba.

Ranar Aiki

Sabuwar igiya sai an ɗaure ta kafin aikin farko. A warware ta, a bar zagaye biyar a jikin ganga, a maƙala wa ƙaramar mota a wuri mai ɗan hawa, a naɗe ta a hankali tana jere. In ba a yi haka ba, igiyar sama za ta nutse cikin ta ƙasa ta lanƙwashe. Zagayen nan biyar kuwa doka ce ta kullum. Ɗan notin da ya riƙe bakin igiya ba zai iya ɗaukar kaya ba, zagayen ne ke riƙewa.

Wajen lodi, tirela ta kasance a haɗe da motar da ke janta, an ja birkin hannu, an sa waigi a tayoyi, an tokare bayanta da jak ko gungume don kada gabanta ya ɗaga. A daidaita ta da taraktar su miƙe. A maƙala ƙugiya a wurin ja na gaban tarakta, ko a zagaya sarƙa a gindin ƙarfen gaba a maƙala a jikinta. Kada a maƙala a sandar sitiyari. Kada kuma a zagaya igiyar winci a maƙala ƙugiya a jikinta, nan take karyewa.

Mutum ɗaya ne zai riƙe rimot, shi kaɗai ne kuma mai ba da umurni. In dole sai wani ya zauna ya riƙe sitiyari, ya haɗa birkin nan biyu na tarakta da maƙullinsu, ƙafarsa na kusa. Wani ya bi ta gefe da waigi. Kada kowa ya tsaya a baya, kada kowa ya tsallaka igiya, kada kowa ya shiga tsakanin tarakta da winci. A jefa tsohon bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyar igiya, don in ta tsinke ya kwantar da ita. A ƙauye kuwa, tirela na tsayawa yara za su kewaye ta. A sa babba guda wanda ba shi da wani aiki sai korarsu nesa, fiye da tsawon igiyar.

Winci ba injin ban ruwa ba ne da zai wuni yana aiki. In kaya ya yi nauyi, a ja kamar minti ɗaya a huta. In an ɗora hannu a jikin injin ba a iya barinsa ba, a dakata ya huce. In ya tsaya yana gurnani, a saki makunni nan da nan, a nemi abin da ya riƙe, ko a sa fuli. Hannun da ke sakin ganga kuwa ba a taɓa shi muddin akwai kaya a igiya. Igiyar ƙarfe ba a kama ta sai da safar hannu ta fata, wadda silinta ya fara tsinkewa ko ta lanƙwashe kuma a canja ta.

Da tarakta ta hau, aikin winci ya ƙare. Ba shi ne abin ɗaure kaya ba. A ɗaure ta da sarƙa ta kusurwa huɗu, a sa waigi, sa'an nan a sassauta igiya. In an bar nauyin a kan winci, kowane rami na hanya duka ne a kan giyoyinsa. A tsayar da taraktar yadda nauyi zai ɗan rinjaya gaba, kamar kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari a kan mahaɗa. In nauyi ya koma baya, tirela za ta riƙa wutsiya a kan titi har ta kayar da mota. Haka kuma ba a rataya winci a itace don ɗaga inji sama, ba don haka aka yi shi ba.

Kafin A Kashe Kuɗi

Winci yana iya hawar da abin da motar gaba ba za ta iya ja ba, ko ta ja ba za ta iya tsayarwa ba. Tarakta mai tan uku da tirela mai tan ɗaya sun fi ƙarfin yawancin a-kori-kura. A duba littafin motar a ga iyakar abin da aka yarda ta ja. A ƙasashen Turai, tirelar da nauyinta da na kayanta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkin kanta. Hanyar Kalgo zuwa Jega ko zuwa Bunza, mai babura da shanu da 'yan makaranta, ba ta fi tasu sauƙi ba. Fitilun baya da abin ƙyalli ma wajibi ne.

Akawun ƙungiya in zai rubuta kiyasi, kada ya rubuta winci kaɗai. Ya sa faranti da ƙusoshi, da ladan mai walda da na riwaya, da batir da akwatinsa, da waya da makashin wuta, da fuli, da sarƙoƙi huɗu, da waigi, da safar hannu. In kuɗi bai kai duka ba, gara matsakaicin winci da fuli da doguwar matakala da batir mai kyau, da a sayi ƙato a ɗaura shi a kan katako da siririyar waya. Wanda tarakta ɗaya gare shi kuma ba lalle sai ya mallaki tirela ba. Masu tarakta biyar ko shida na gunduma ɗaya sun iya haɗa kuɗi su yi guda, a riƙa ba da ita haya, har masu motocin da suka lalace a hanya su amfana.

Mutanen bakin gulbi ba su manta ambaliyar 2010 da ta 2020 ba, sa'ad da ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi. In gulbi ya fara cika a Agusta da Satumba, injin da ya mutu a fadama kwanakinsa ƙidayayyu ne. Saboda haka lokacin sayen winci da ɗaura shi da gwada shi shi ne bayan girbi, sa'ad da akwai kuɗi a hannu, mai walda kuma ba ya cikin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye manoma da dukiyarsu.